Allon da ke Ƙarƙashin Gado

Litinin, da hantsi

Yau na yi wa allon shafi na biyu. Tun gashin kaina yana baƙi wuluk nake rubuta allunan shaguna, amma ban taɓa yin aikin da ya kama ƙafar wannan ba. Ba yabon kai ba ne, tunda ba mai karanta littafin nan sai ni. Shuɗi mai duhu a ƙasa, sunan Maman 'yan biyu da ruwan zinare a tsakiya, almakashi a gefe guda, keken ɗinki a ɗaya gefen. Haruffan na roba ne, da hannuna na yanka su na manna da gam mai ƙarfi. Shekara da shekaru matar nan tana ɗinki a lungun falo. Yanzu da ta kama shago a bakin titi, ai abin kunya ne a ce mijinta mai rubuta allo ne amma ita da kwali za ta buɗe.

Ba ta san da shi ba, so nake in ba ta mamaki ranar buɗewa. A rumfata ta bakin hanya aikin ba zai yiwu ba, duk motar da ta wuce sai ta bar wa ɗanyen fenti tsarabar ƙasa, ga 'yan gulma da za su riga ni kai mata labari. Shi ya sa yake ƙarƙashin gadonmu. Da ta fita sai in jawo shi, in rufe tagogi ruf, in dama fentin mai da tina, ruwan tsinka fenti, in yi abin da zan yi, in mayar.

Da ta dawo ta ce ɗakin yana wari. Na shaƙa, na sake shaƙa. Ni dai ban ji warin komai ba.

Laraba, da yamma

Tari ya sa ta a gaba kwana biyun nan. Tana da asma tun tana budurwa, amma ciwon ya daɗe da kwanciya, har sai da muka zazzage durowa kafin mu gano inda abin shaƙarta yake. Na ce mata janaretan maƙwabcinmu direba ne, hayaƙinsa ke shigowa, shi ya sa ma nake rufe tagogi. Ta dube ni ta ce to.

Wani abin daɗi kuma, sauro ya ƙaurace wa ɗakinmu gaba ɗaya. Ban san dalili ba, amma na gode Allah.

Asabar, da rana

Ta tafi sayen zare, na yi wa allon banish, man da ke sa fenti sheƙi. Yana ƙyalli har na ga haƙorana a ciki.

Alhamis, da safe

Abin da ya faru jiya ba zan rubuta shi ba. Tana asibiti, an sa mata iska a hanci, ta samu barci. Direba ne ya kai mu a motarsa, sai a can na lura ko takalmi ban sa ba. Na yi masa godiya sosai, amma ban janye maganar janareta ba.

Alhamis, da yamma

Likitar mace ce, yarinya ƙarama, sa'ar 'yan biyunmu. Ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Wai abubuwa da yawa na cikin gida suna fitar da wata iska da ido ba ya gani: fentin mai, gam, ledar ƙasa, katakon nan da ake haɗawa da garin katako, har da abin fesawa na ƙamshi. Mai lafiya zai shaƙa ya wuce da ɗan ciwon kai, mai asma kuwa ƙirjinsa ne zai rufe. Ni ake wa bayanin fenti, ni da fenti ya ci mini farce. Na dai gyaɗa kai saboda tana da kirki.

Ta tambaya ko an shigo da wani sabon abu ɗakin kwananmu. Na ce a'a. Maman 'yan biyu tana kwance tana jinmu, ta yaya zan fasa ƙwan a gabanta? Kuma allo ɗaya tal, wanda ya kusa bushewa, ba shi ne zai kwantar da babbar mace ba.

Ana cikin haka Yaya ta iso. Yayar matata ce, tsohuwar shugabar makaranta, ta yi ritaya amma har yau duk wanda ta gani ɗalibi ne da ya makara. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta gama duba ƙanwarta daga kai har ƙafa. Sannan ta yanke hukunci: in an sallame ta, gidanta za ta wuce da ita, kuma ba za ta dawo mini ba sai ita Yaya ta zo da kanta ta shinshina ɗakin ta ji babu komai.

Asabar, da safe

An sallame ta, ta tafi gidan Yaya. Ziyara ce, ba yaji ba. Na rubuta wannan ne saboda mutanen layinmu sun fara yi mini wata irin gaisuwa mai tsawo.

Litinin, da rana

Na fara da ledar ƙasa. Na daɗe ina zarginta, tun da muka shimfiɗa ta take wani ƙyalli na rashin gaskiya. Na ɗaye ta, na kankare gam ɗin da ke ƙasa har bayana ya riƙe. Yanzu siminti ne tsirara, amma likita ta ce siminti ba ya cutar da kowa in ana goge shi.

Tunda ba kowa a gidan, na samu sarari na ƙara wa allon banish. Mutum ba zai zauna haka kawai ba.

Laraba, da hantsi

Yaya ta zo duba ɗaki. Ta tsaya a bakin ƙofa ta lumshe ido ta ɗaga hanci sama, kamar mai sauraron labarai. Na riga na shimfiɗa babban zanen gado wanda ya sauko har ƙasa, ba don komai ba, don ɗakin ya yi kyau. Allah ya taimake ni Yaya tana fama da gwiwa, ba ta sunkuyawa.

Ta ce warin yana nan daram, har ya fi na da. Na ce ni ban ji ba. Ta ce ita ma ba ta tambaye ni ba.

Alhamis, da yamma

Kabad ya fita. Da na juya bayansa na ga ashe garin katako ne da gam aka danne, irin wanda likita ta ambata. Direba ya taya ni ɗauka. Bai yarda ya shiga ɗakin ba, daga ƙofa ya karɓa, wai kansa yana ciwo. Kayanmu yanzu suna rataye a ƙusa. Rigunanta na jera su bisa launi, ban san me ya sa ba.

Asabar, da rana

Silin na roba ma ya sauka. Abin da na gani a samansa ya isa ya ba mutum asma ko bai gada ba. Na share, na wanke, na tara tarkacen a tsakar gida. Yanzu in na kwanta kwanon rufi nake kallo, in rana ta take ɗakin kamar tanda.

Lahadi, da yamma

Yaya ta sake zuwa, ta sake ɗaga hanci. Ta ce bango ne, ƙila tsohon fenti. Ta dube ni da kyau ta ƙara da cewa ko kuma ni ne. Ta sa na kwashe kayan aikina kaf na kai rumfa, ta ce in riƙa wanka kafin in shiga ɗaki. Na yi biyayya. Duk ɗakin yanzu ba abin da ya rage sai gado.

Maganar gado ba ta taso ba.

Talata, da safe

Mun yi waya da Maman 'yan biyu. Muryarta ta washe, babu wannan ƙaramin fito da ke bin numfashinta. Ta ce Yaya tana tashinta da sassafe ta sa ta tattaki, ta hana ta taɓa keke, ta kuma tsara mata lokacin shan ruwa. Tana magana ina jin Yaya a gefe tana gyara mata zance. Na tambaye ta ko tana bukatar wani abu, ta ce filonta kawai, na Yaya kamar bulo yake.

Ina kewarta. Gidan ya yi mini faɗi, ba ƙarar keke, ba mai ce mini in rage gishiri. Ban iya faɗa mata a waya ba saboda Yaya, shi ya sa na rubuta a nan.

Laraba, da rana

Na ɗora shinkafa na koma ɗaki na ɗan duba wani abu. Ina durƙushe da burushi sai na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta. Direba ne da bokitin ruwa, matarsa a bayansa da wani. Tukunya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika tsakar gida har ya tsallaka katanga, ni kuwa ina ciki ina fito.

Da aka kashe, Direba ya goge ido ya ce, “Malam, don Allah kada ka ji haushi. Hancinka kuwa yana aiki?”

Na ce hancina ne ya ciyar da iyalina shekara da shekaru. Ya ce shi a saninsa hannuna ne.

Alhamis, da yamma

Labarin tukunya ya isa wajen 'yan biyu, ban san ta wace hanya ba. Suka kira ni tare, ɗaya tana faɗa ɗaya tana dariya, wai in je a duba ni. Zan je, ba don na yarda ba, don in rufe bakin kowa.

Litinin, da hantsi

Na je. Likitar ta sa na rufe ido, ta riƙa kawo abubuwa kusa da hancina tana tambaya ta mene ne. Na farko na ce ruwa ne, ashe lemo ne. Na biyu na ce ruwa ne, ashe sabulu ne. Na uku na yi tunani sosai, na ce wannan kam ruwa ne ba shakka. Ma'aikaciyar jinya ta fita waje da sauri tana toshe baki. Kananzir ne.

Likitar ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce hakan yana faruwa da masu irin sana'ata, tina da fentin mai suna cinye jin wari a hankali har mutum bai sani ba. Ta ce daga yau in riƙa aiki a fili, in rufe hanci, kuma in daina ba da shaida a kan wari. Sai ta sake yi mini tambayar nan ta rannan, ko akwai wani abu a ɗakin da na manta. Na ce zan duba.

A hanya na tsaya wajen mai sayar da lemo na sayi ɗaya, na ɓare shi na manna a hancina. Shiru.

Talata, da safe

A falo na kwana.

Talata, da yamma

Ban shiga ɗakin ba yau ma. Ba abin da zan ɗauka a ciki.

Laraba, da rana

Yaya ta kira. Ta ce ta gaji da jeka-ka-dawo da gwiwarta. Ranar Juma'a za ta zo zuwan ƙarshe. In ta ji abin da ta saba ji, akwai ɗaki a gidanta da ta riga ta sa an share, za a kwaso keke da kaya, ƙanwarta ta zauna can, ni kuma in riƙa zuwa gaisuwa kamar sauran jama'a. Yaya ba ta barazana, sanarwa take yi.

Na zauna a bakin gadon na daɗe. Wajen da take sa kanta, daidai nan haruffan suke a ƙasa, inda na fi zuba gam. Na tuna ranar Larabar nan, yadda take kama rigata tana neman iska, ni kuma ina ta rufe taga don kada hayaƙin janareta ya shigo. Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Alhamis, da safe

Na kira Direba na ce ya zo ya taya ni fitar da wani abu. Ya ɗaure hanci da ɗankwalin matarsa ya shigo. Da muka jawo allon ya tsaya yana kallo, hawaye na zuba daga idonsa. Na ɗauka kyan aikin ne ya taɓa shi, ashe yajin fentin ne. Ya ce wannan ko ƙadangare ba zai kwana kusa da shi ba. Daga baya, da muka fito iska, ya ce gaskiya ya yi kyau, bai taɓa ganin irinsa ba. Bai yi maganar janareta ba, kuma wannan shirun ya fi mini zafi.

Mun kwantar da shi a tsakar gida. Shafin ya yi kauri, har yanzu yana danƙo. Na buɗe tagogi duka, na fitar da katifa rana, na wanke labule da zanen gado da bango, na kunna fanka ta yini tana juyawa.

Alhamis, da yamma

Iska ta taso, ta kawo ganye. Kajin Direba suka tsallako katanga.

Kada a tambaye ni.

Juma'a, da la'asar

Yaya ta zo. Ta tsaya a ƙofa ta ɗaga hanci, ta shiga tsakiyar ɗaki ta sake ɗagawa, ta je kusurwa. Yau da sanda ta zo, ta sa bakin sandar ta ɗage zanen gado ta leƙa iya yadda gwiwa ta bar ta. Ba komai sai siminti. Allon na riga na jingine shi a bayan gida, fuskarsa na kallon katanga.

Ta ce da dama-dama, amma a bar ɗakin ya sha iska mako guda tukuna. Ta tambaye ni me na cire a ƙarshe. Na ce ƙananan abubuwa ne. Ta dube ni irin kallon da take wa yaran da suka ce akuya ta cinye musu littafi, ta tafi.

Litinin, da rana

Sai yau na tuna da shagon. Can za ta riƙa yini, ni kuwa na tanadi fentin mai na bango, da leda, da kantoci na garin katako. Duk na soke.

Tunda an hana ni shaida, na ɗauki Direba ya zama hancina. Muka shiga shagon kayan gini, mai shago yana buɗe gwangwani, Direba yana shinshinawa yana ba da rahoto. Wannan yana hawa kai. Wannan yana yaji a maƙogwaro. Wannan kamar alli, ba laifi. Mutane suka taru suna kallo, wani ya tambaya ko sabuwar sana'a ce. Muka tsaya a kan fentin ruwa, wanda na yi shekaru ina cewa na yara ne. Ƙasa tayil za a sa da siminti, ba gam. Kantoci na katako tsantsa, ƙusa ce za ta riƙe su. Na kuma roƙi mai ginin ya yarda a fasa taga ta biyu a baya, don iska ta shiga ta fita.

Kafin mu gama Direba ya yi ta atishawa har gida. Zan rubuta masa sunan motarsa kyauta, a fili.

Laraba, da yamma

Na fara sabon allo a tsakar gida, bayan na sa an kulle kaji. Falanki ne, na sassaƙa haruffan da kurfi na cika su da fentin ruwa. Ba roba, ba gam, ba banish. Yana karantuwa daga nesa, iyakar abin da zan iya cewa ke nan. Kusa da wancan kamar miya ce ba gishiri.

Asabar, da la'asar

Ta dawo. Yaya ta sauke ta a ƙofa da jerin dokoki, ta tafi. Maman 'yan biyu ta shiga ɗakin ta tsaya, ta dubi siminti, ta dubi kwanon rufi, ta dubi rigunanta a ƙusa. Ta ja numfashi mai tsawo ta sauke. Ni kuma ina tsaye a baya ina haɗa yadda zan fara bayani, tun jiya nake bitarsa.

Ban kai ga buɗe baki ba ta durƙusa ta ɗage zanen gado ta leƙa.

“Ina allona?”

Na ce wane allo.

“Baban 'yan biyu, wa kake tsammani yake share ƙarƙashin gadon nan?”

Ashe tun washegarin da na fara ta gan shi, da tsintsiya a hannunta. Kuma tun ranar ta san daga nan warin yake. Ta ce ta yi lissafin kwana biyu zai bushe, za ta daure, har ta fara gwada fuskar mamaki a madubi saboda ranar buɗewa. Ina ta san duk fitar da za ta yi sai na ƙara masa shafi? A asibiti kuwa Yaya na tsaye a kanta, da ta faɗa da ni za a ba gadon kusa da nata. Daga baya da Yaya ta riƙa kawo mata labarin abin da nake cirewa, sai ta ga ai ledar nan da kabad ɗin shekara nawa tana roƙo a fitar da su, bari dai ta ga iya inda zan kai.

Ni ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci, da ita da kaina. Na ce mata saboda katako ta kusa tafiya ta bar ni, wane irin hankali ne wannan?

Ta gyara bakin zanen gado. Sannan ta ce, “Ba wanda ya taɓa rubuta sunana da ruwan zinare. Kullum da safe sai na kwanta a ƙasa na karanta shi kafin in yi shara.”

Sai na fita na juyo da tsohon allon daga jikin katanga, na ce ta tsaya daga taga, kada ta matso. Ga sunanta nan, ganye ya manne a kan almakashi, sawun kaji ya bi ta kan haruffan tun daga farko har ƙarshe ya dawo, ga gashin kaza ɗaya a tsaye a kan keken ɗinki.

Ta kalla, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya. Ta riƙe ƙarfen taga tana yi har da hawaye, ta tsaya ta sake kallon gashin kazar ta ci gaba. Ni ina riƙe da allon a rana, ina jiran tarin da kullum yake biyo bayan dariyarta.

Na jira har ta gama ta share ido. Bai zo ba.